Yadda Ake Sanin Babban Birni da Ƙafa Har Ya Fara Yin Daɗi

Mutum zai iya shekara goma a babban birni bai san komai a cikinsa ba sai hanyoyi uku: ta wurin aiki, ta kasuwa, da ta gidan wani ɗan'uwa. Sauran duk hayaniya ce da yake ratsawa kai a sunkuye. Tun 1903 masanin zamantakewa ɗan Jamus, Georg Simmel, wanda ya rayu a Berlin, ya bayyana dalili: abubuwan da ke faɗo wa ido da kunnen ɗan birni a minti ɗaya sun fi ƙarfin a kula da kowanne, don haka sai ya toshe kansa. Toshewar tana da amfani, ita ke hana mutum zaucewa. Illarta ita ce ba ta tantancewa, da ƙarar hon da abin sha'awa duk tare take rufe musu ƙofa.

Daɗin birni yana cikin maimaici ne. Dubban mutanen da ba su san juna ba suna yin abu ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kowace rana, kuma ba wanda ya tsara musu. Yawo mai nisa ba ya nuna wannan, sai an ɗauki ƙaramin wuri an yi ta komawa a lokuta daban-daban. Aikin mako shida ne, kimanin awa uku a kowane mako.

Yanke filin da za ka yi aiki a kai

Mai lafiya yana tafiyar kusan kilomita 5 a awa, wato mita 80 a minti. A cikin gari, da tsayawa a danja da kauce wa mutane, ka lissafa mita 70. Tafiyar minti goma daga ƙofar gidanka ta kowace fuska, mita 700 zuwa 800, ita ce iyakarka. Da'irar ba ta wuce murabba'in kilomita 2 ba, kuma kusan kowa yakan raina ta da farko. A Paris, inda kimanin mutum 20,000 ke zaune a kowane murabba'in kilomita, wannan 'yar da'irar tana ɗauke da mutum 40,000, gari guda ke nan.

Kafin ka taka ko'ina, zauna da farar takarda ka zana unguwar da ka, ba tare da duba waya ba, ka ba kanka minti goma. Kevin Lynch, malamin tsara birane a jami'ar MIT, ya sa mazauna Boston da Jersey City da Los Angeles sun yi irin wannan zane, ya fitar da sakamakon a 1960. Ya gano cewa da abubuwa biyar mutane ke riƙe birni a kansu: hanyoyin da suke bi, iyakokin da ke tare su kamar kogi ko layin dogo ko doguwar katanga, unguwanni masu kamanni nasu, mahaɗu inda hanyoyi da mutane ke cakuɗuwa, da alamomin da ake hange kamar hasumiya ko tankin ruwa. Ka sa biyar ɗin a zanenka. Za ka ga wasu layuka sun fito dalla-dalla, wasu wuraren kuma fari fat ko da ba su fi tafiyar minti uku daga gadonka ba. Fararen wuraren nan su ne jadawalin aikinka. Ka rubuta kwanan wata a bayan takardar ka adana.

Kayan tafiya kaɗan ne: takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, ruwan sha kamar rabin lita ga kowace awa idan ana zafi, agogo, ƙaramin littafi da fensir. Littafi ya fi waya saboda dalili biyu. Wanda ya ɗaga waya a titi ana ɗauka hoto yake yi, nan take mutane su canza hali. Na biyu, taswirar waya tana yi wa ƙwaƙwalwa aikin da ake so ita ta yi. Direbobin tasi na Landan sukan shafe shekara uku zuwa huɗu suna haddace titunan da ke cikin mil shida daga Charing Cross, wata mahaɗa a tsakiyar birnin, kafin a ba su lasisi, kuma a 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta suka nuna cewa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke riƙe taswirar wurare ya fi girma a wurinsu ta ɓarin baya, yana kuma ƙaruwa da yawan shekarun tuƙi. Ba a ce ka zama direban tasi ba, amma sanin hanya abu ne da ke ginuwa da amfani. Wayar ta zauna a aljihu da cajinta, don ranar da aka ɓata da gaske.

Hanya ɗaya, lokuta biyar

Nan ne zuciyar aikin. Zaɓi zagaye ɗaya na kimanin kilomita ɗaya da rabi, tafiyar minti 20 zuwa 25, wanda ya fara kuma ya ƙare a wuri ɗaya. Ka tabbata ya ratsa tashar mota ko ta jirgi, titin shaguna, layin gidajen kwana, da wani wuri mai tara jama'a a kan lokaci kamar makaranta ko asibiti. Wannan zagayen za ka bi a lokuta biyar, a ranaku daban-daban, kada ka haɗa su rana ɗaya domin gajiya tana kashe ido.

Na farko, awa ɗaya kafin fitowar rana. Lokacin da ake ciyar da birni ke nan. Manyan motoci suna sauke kaya, domin a birane da yawa ba a barinsu shiga tsakiya da rana, ko kuma cunkoso ya sa ba riba. Masu shara suna gaba, motar kwashe bola tana biye. Ka tsaya a tasha ka duba fuskoki, za ka ga jama'a iri biyu a kan benci ɗaya: waɗanda suka kwana aiki suna komawa gida, masu gadi da ma'aikatan jinya da na masana'anta, da waɗanda za su buɗe wa sauran mutane ƙofa. Ba su ƙara haɗuwa sai gobe war haka. Kunne ma yana aiki a wannan lokaci fiye da kowane lokaci, za ka ji ƙugin injinan sanyaya ɗaki da gudun ruwa a magudana da rana ke binnewa.

Na biyu, tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe. Abin dubawa shi ne inda ruwan mutane ya dosa. Tsaya kusa da bakin tasha ka ƙirga na minti biyar, masu shiga daban, masu fita daban. Idan masu shiga sun ninka masu fita, unguwar ta kwana ce, da rana za ta yi shiru. Idan masu fita sun fi yawa, ta aiki ce, da dare za ta zama kufai. Idan sun yi kusan daidai, ka yi dace, irin wannan unguwar ba ta mutuwa kowane lokaci. Ka kuma lura da yadda taron ke raba kansa layi-layi, masu zuwa a jere, masu dawowa a jere, ba ɗan sanda ba alli a ƙasa. Kowa yana bin bayan wanda ke gabansa ne don gudun karo, layin ya haifi kansa.

Na uku, daga sha ɗaya zuwa biyu na rana. Titi ya koma hannun tsofaffi, masu reno, masu kai saƙo, da masu gyara. Lokacin magana ke nan, mai shago ba shi da layi a gabansa.

Na huɗu, daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. Mutanen safe ne suka dawo, amma tafiyar ta canza. Da safe kowa a miƙe yake, da yamma ana ratse, ana tsayawa, ana haɗuwa. Duba ɓarin titin da masu komawa gida ke bi, sau da yawa nan masu sayar da kayan amfanin gida suka fi yawa, domin ba mai son ɗaukar kaya zuwa wurin aiki, kuma ba mai son tsallaka titi don ƙaramin sayayya. Masu kasa kaya sun fi kowane injiniya sanin inda ƙafa ke bi, inda suka taru ka san an auna.

Na biyar, awa biyu bayan duhu, kuma wannan sai idan wurin ya amintu, in da hali da abokin tafiya. Ƙirga shagunan da ke buɗe da tagogin da ke da haske a hawa na ƙasa da na ɗaya. Jane Jacobs, wadda ta zauna a New York, ta yi bayani a 1961 cewa abin da ke tsare titi shi ne idanun mutanen da ke da dalilin kasancewa a wurin, mai shago, mai leƙowa ta taga, mai jiran mota. Titi mai fitila tar amma duk katanga da rufaffun ƙofofi ya fi hatsari a kan lungu mai ɗan duhu da mutane ke zaune a bakinsa.

Bayan ka gama biyar ɗin, ka sake bin zagayen ta baya. Abin mamaki ne yadda juya fuska kawai ke fito da alluna da ƙofofi da lungunan da ka wuce sau biyar ba ka gani ba. Sannan ka ƙara fita biyu, ɗaya a ranar hutun mako, ɗaya a ranar da aka yi ruwa. Ruwan sama yana tona asirin titi: inda ya taru nan ne kwari, inda mutane suka fake nan ne rumfa ta gaskiya, inda magudana ta toshe za ka gani da idonka.

Wajen rubutu, layi ɗaya ya isa, amma ya zama da adadi. "Talata, 7:40, tasha, mutum 23, tara ɗalibai, mota ta zo bayan minti shida." Kalmomi irin su "cike" da "shiru" ba sa kwatantuwa bayan mako uku, lamba kuwa tana kwatantuwa.

Zama wuri ɗaya

Tafiya tana nuna faɗi, zama yana nuna tsari. William H. Whyte ya shafe shekarun 1970 yana ɗaukar filayen New York da kyamara yana ƙirga masu zama, abin da ya samo kuma ya shiga dokar gine-ginen birnin a 1975. Mutane suna zama a duk inda akwai abin zama, dakali ko matakala ko bakin katanga, matuƙar tsayinsa yana tsakanin santimita 30 da 90. Abin da ya fi jan mutane shi ne wasu mutane. Masu hira ba sa matsawa gefe, a tsakiyar hanyar masu wucewa suke tsayawa, ko a kan kwana. Ya kuma lura cewa filin da mata suka yi yawa a cikinsa shi ne mai kyau, domin sun fi maza tantance inda za su zauna. Duk waɗannan za ka iya gwada su da kanka cikin zama ɗaya.

Nemi wurin da bayanka zai jingina da bango, kusa da kwana, in an samu ɗan tudu ya fi. Nisa yana da muhimmanci. Jan Gehl, masanin gine-gine na Kopenhagen, ya auna cewa daga kimanin mita 100 ake fara gane mutum da motsinsa, amma sai an zo kusan mita 25 ake karanta yanayin fuska. Don haka ka zauna mita 10 zuwa 25 daga inda abin ke faruwa. Kusa da haka ka shiga cikin sha'anin mutane, nesa da haka kuma inuwoyi kawai kake gani. Ka yi minti 20 aƙalla. Minti biyar na farko ana kallonka, bayan nan an manta da kai, sai a lokacin wurin zai koma halinsa.

Idan kana son sanin yawan masu wucewa, ja layi a zuciyarka daga wani turke zuwa wata ƙofa, ƙirga duk wanda ya tsallake shi cikin minti biyar, ka ninka sau 12, ka sami na awa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da danja da tasha, waɗanda ke sako mutane guguwa-guguwa. Idan minti biyar ɗinka ya faɗa tsakanin jirage biyu, lissafin zai yi ƙasa ƙwarai. Maganinsa a ƙirga sau uku a rarrabe a ɗauki matsakaici.

Mutanen da ka sani sanin shanu

Cikin mako na biyu za ka fara gane fuskoki: dattijon da ke fitowa da jaka ɗaya kullum, matar da ke rakiyar yara biyu, saurayin da kullum a guje yake isa tasha. A 1972 ɗaliban Stanley Milgram, masanin halayyar ɗan'adam, suka ɗauki hoton masu jiran jirgi a wata tasha kusa da New York, suka dawo suka nuna musu. Kusan tara cikin goma sun gane aƙalla mutum ɗaya da suke gani kullum amma ba su taɓa yi masa magana ba. Waɗannan mutanen su ne ke sa unguwa ta zama taka ba tare da ka sani ba, ranar da ɗayansu bai zo ba sai ka ji wurin ya yi wani iri.

Ba dole ne a mayar da su abokai ba, kuma gaggawa tana ɓata abin. Ɗan birni yana da ladabinsa na kallo ɗaya a kawar da kai, ma'anarsa na gan ka, ba ni da matsala da kai. Wanda ya zura ido ya karya wannan yarjejeniya. A fara da masu tsayawa wuri ɗaya saboda sana'a, mai gadi, mai shago, mai gyara, domin magana da baƙo tana cikin aikinsu. Mako na farko ɗaga kai ko hannu, na biyu gaisuwa, na uku ƙaramin ciniki ko tambaya ɗaya. Tambayar da ta fi buɗe baki ita ce ta tarihin wuri: "Ranka ya daɗe, kafin a yi ginin nan me ke wurin?" Tambayar da ke rufe baki ita ce ta mutane, wane ne mai gidan can, ƙarfe nawa yake fita. Wannan tambayar ɓarawo ce ko ta jami'i, kuma haka za a ɗauke ta.

Masu jin nauyin fara magana su san cewa yawanci tsoron ya fi abin girma. A wani gwaji da Nicholas Epley da Juliana Schroeder suka wallafa a 2014, an nemi wasu fasinjojin Chicago su yi hira da na kusa da su, wasu kuma su yi shiru. Masu hirar suka fi jin daɗin tafiyar, alhali mutane sun yi hasashen akasin haka. Duk da haka, wanda ya toshe kunne ko ya buɗe littafi ya riga ya ba da amsa, a ƙyale shi.

Karanta titi da bango

Titi mai lanƙwasa a tsakiyar miƙaƙƙun tituna kusan kullum ya girme su, tsohuwar hanya ce ko bakin rafin da aka binne. Titin Broadway ya ratsa Manhattan da ke New York a karkace ne saboda ya riga tsarin miƙaƙƙun layukan da aka zana a 1811. Inda faɗin titi ya canza farat ɗaya, ko salon tagogi ya sauya, nan wani zamani ya tsaya wani ya fara. Ka riƙa ɗaga kai sama da allunan shaguna, hawa na ƙasa yana canza fuska duk 'yan shekaru, na sama kuwa yana riƙe da ainihin shekarun ginin. Yawan mitocin wuta ko maɓallan ƙararrawa a ƙofa ɗaya yana gaya maka gidaje nawa ke ciki. 'Yar hanyar da ƙafa ta fitar a kan ciyawa tana nuna inda mai zane ya yi kuskure.

Don sanin gabas da yamma ba tare da waya ba, duba farantan setilayit a kan rufi. Taurarin ɗan'adam da suke kallo suna tsaye ne a saman layin da ya raba duniya biyu, don haka a birni ɗaya yawancin farantan sukan fuskanci waje ɗaya. Ka tantance wajen sau ɗaya, ka sami kamfas a kowane layi.

Bas har ƙarshen layi

A mako na huɗu ko na biyar, ɗauki layin bas ɗaya da ke ratsa da'irarka ka bi shi har inda ya ƙare, da hantsi, ba lokacin cunkoso ba. Bas ya fi jirgin ƙarƙashin ƙasa a wannan aikin domin ana ganin waje. Zauna ta taga, ɓarin da ke kusa da masu tafiya a ƙasa. Rubuta inda motar ta cika da inda ta zube, da inda benaye suka fara gajarta. Kafin ka sauka a ƙarshe, tambayi direba lokacin motar ƙarshe ta komawa, domin bakin gari ba ya da yawan motoci irin na tsakiya.

Za ka kuma fahimci abin da ke ƙona ran kowane fasinja, a daɗe ana jira sannan motoci biyu ko uku su zo a jere. Yawanci ba sakacin direba ba ne. Idan mota ɗaya ta ɗan makara, mutane sun fi taruwa a tasha ta gaba, ɗaukarsu ya ƙara makarar da ita, ta bayanta kuma ta tarar da tasha ba kowa ta yi ta matsowa har ta kamo ta. Lissafin yana da ciwo: mota duk minti 10 a kan tsari, matsakaicin jira minti 5 ne, amma biyu a haɗe duk minti 20, jira ya koma minti 10, da yawan motoci iri ɗaya. Idan biyu suka zo tare, ta bayan ta fi wuri.

Abubuwan da ke ɓata aikin

Ƙara ita ce ta farko, domin tana gajiyar da mutum bai san daga ina gajiyar ta zo ba. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta kai wajen desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, iyakar da ake sa wa ma'aikaci na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Matsawa nesa da babban titi a fili ba ya rage ta sosai, amma shiga bayan jerin gine-gine yana yanke ta ƙwarai, hayaƙin mota ma haka. Don haka ka bi titin da ke layi ɗaya a bayan babbar hanya, ka riƙa leƙo ta a mahaɗa. Kada ka magance ƙara da iyafis, ka toshe rabin abin da ka fito nema, ka kuma toshe jin abin da ke tahowa ta baya.

Zafi na biye. Kwalta da siminti suna shan rana su riƙa sakinta har dare, shi ya sa tsakiyar birni ya fi bayan gari ɗumi bayan faɗuwar rana. A titin da ya miƙe kudu da arewa, inuwa tana ɓarin gabas da safe, tana ɓarin yamma bayan azahar. Ka tsara zagayenka da wannan.

Tsallaka titi shi ne hatsari na gaske, ya fi ɓarayin da ake tsoro. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa. Titi mai layi biyu, faɗin mita 7, yana ɗaukar mai tafiya daƙiƙa biyar zuwa shida. Ke nan motar da ke nesa da mita 70 za ta iso daidai lokacin da kake ƙarasawa. Mai kallon gine-gine hankalinsa a sama yake, don haka ka sa wa kanka doka: rubutu da kallo a tsaye, jikin bango, tsallakawa kuma ba a haɗa ta da komai. Kada ka bi ta gaban babbar mota da ke tsaye, direbanta ba ya ganin abin da ke dab da hancinta. Wanda ya je ƙasar da ake tuƙi ta ɗaya hannun, kamar Ingila ko Japan ko Indiya, ya duba ɓangarori biyu sau biyu, domin wuya ta saba juyawa waje ɗaya.

Taro yana da daɗin kallo har zuwa wani matsayi. Idan ya kai ana taɓa ka ta kowane ɓangare kuma ba kai ke zaɓar inda ƙafarka za ta sauka ba, wajen mutum biyar ke nan a murabba'in mita, lokacin fita ya yi. Kada ka yi gaba da gaba da taron, ka bi shi kana zamewa a karkace zuwa gefe, hannuwa a ƙirji don numfashi ya samu wuri, abin da ya faɗi kuma a bar shi.

Sai zargi. Mutum da littafi yana kallon gidaje abin tambaya ne a ko'ina. Kada ka tsaya rubutu ko hoto a gaban banki, ofishin tsaro, ofishin jakadanci ko makarantar yara. Ka riƙe katin shaida, ka kuma tanadi amsa gajera ta gaskiya, a unguwar nake, ina koyon hanyoyinta ne. Hoton mutum sai da izininsa.

Idan ka ɓata ka ciro waya, ka sani cewa tsakanin dogayen benaye saƙon GPS yana karo da bango kafin ya iso, ɗigon da ke nuna inda kake a taswira na iya kaucewa da mita gommai, kibiyar kuma ƙarafa suna ruɗa ta. Fita zuwa mahaɗa mai fili, yi taku 30 a miƙe, ka bi inda ɗigon ya matsa, ka manta da kibiyar.

Na ƙarshe shi ne gundura, wadda ke zuwa wajen mako na uku lokacin da ka ji kamar ka gama gani. A nan ne ake sauya abin nema, hanya kuwa tana nan yadda take. Fita ɗaya ƙofofi kawai za ka kalla, wata fitar bishiyoyi da masu zama ƙarƙashinsu, wata wayoyin wuta da bututun ruwa daga ina suka shigo, wata kuma rubuce-rubucen hannu a bango. Ido yana ganin abin da aka aike shi ne.

Faɗaɗa da'ira

A ƙarshen mako na shida ka sake zana taswirar da ka, minti goma kamar farko, ka ajiye ta kusa da tsohuwar. Idan fararen wuraren sun cike kuma kana iya faɗin abin da ke faruwa a mahaɗa uku da safe da yamma ba tare da duba littafi ba, ka ɗauki sabuwar da'ira. Sharaɗi ɗaya ne, ta taɓa tsohuwar, su yi tarayya a titi ɗaya aƙalla, kuma ka shiga ta da ƙafa. Wuraren da aka sani ta hanyar sauka daga mota ba sa haɗuwa a kai, kowanne yana zama tsibiri. Masu hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa sun fi kowa fama da wannan, domin taswirar jirgi ba ta nuna nisa na gaskiya. A Landan baƙi sukan sauka ƙasa su jira jirgi daga Leicester Square zuwa Covent Garden, tashoshin da tsakaninsu bai kai mita 300 ba, tafiyar minti huɗu a sama.